Tekun Katako na Muntaka Kafinta

A Unguwar Gawo, ƙauyenmu da ke gefen hanyar Makoda, babu kogi. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na burtsatse, sai kududdufin bayan gari wanda yake cika da damina, kafin a gama sussukar gero ya koma taɓo. Gonaki sun haɗe da gidaje, in ka fita daga zauren wani sai ka faɗa cikin dawar wani. A nan aka haifi Baba Muntaka kafinta, a nan yake har yau. Shagona na ɗinki da rumfarsa bango ɗaya ne ya raba su, shekara goma sha tara ke nan. Yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakinsa na ji ko daga bakin matarsa, Inna Hure.

Ya gama firamare a Makoda, yana da shekara goma sha bakwai mahaifinsa ya kai shi Kano wajen wani kafinta a 'Yan Katako. Shekara tara ya yi a can. Da mahaifin ya rasu sai ya tattaro zarto da guduma ya dawo gida, ya karɓi gonar gado, ya kafa rumfa. Tun daga lokacin kusan duk ƙofar da ke garin nan hannunsa ce. Yana yin benci, da tagogi, da akwatin amalanken shanu, da kujerar tsakar gida. Makarar masallaci ma shi ya yi ta, kuma duk sanda ta yi laƙwas shi yake gyara ta ba tare da an ce masa ba. Mutum ne dogo, mai 'yar furfura a gemu, ba ya son hayaniya. In yana auna katako ko gaishe shi ka yi sai ya gama zai amsa.

Abu ɗaya ne yake fitar da shi daga wannan natsuwa, shi ne dara. Bayan la'asar yakan zauna a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, ya tona gidaje a ƙasa, ya jira mai tsautsayi. A hankali masu tsautsayin suka ƙare, aka bar shi da mutum ɗaya, Malam Bunu mai banda. Malam Bunu Babarbare ne, a wani tsibiri na Tafkin Chadi aka haife shi, yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya dawo da su ƙasar Kano, suka zauna suna fataucin busasshen kifi a kasuwannin ƙauye. Mahaifiyar Baba Muntaka kuwa Bafulatana ce. Don haka tsakaninsu akwai wasan Barebari da Fulani, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, shekara talatin ba a raba gardamar ba.

Shekara uku da suka wuce, farkon damina, Baba Muntaka yana kan rufin wani gida yana kafa katakon kwano sai falankin da ya taka ya karye. Ya faɗo, ƙafar hagu ta karye a ƙwauri. Mai ɗori ya zo ya ɗaure ta da kara, ya ce kada ya taka sai bayan kwana arba'in. 'Yan'uwa suka yi masa gayya suka nome gonar. Shi kuwa yana kwance a ɗaki yana jin ƙamshin ƙasa ta taga, kowa ya tafi gona. Inna Hure ta ce a shekarun aurensu ba ta taɓa ganinsa da faɗa irin na wannan makon ba. Miya ta yi gishiri, rediyo ta cika surutu, kaji ma ba su tsira ba.

A mako na biyu babbar 'yarsu Ramlat, wadda take koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Dambatta, ta zo dubiya tare da mijinta Mudassir. Sun taho masa da wata tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya, an zuba mata karatun Alƙur'ani da tafsiri, don ta ɗebe masa kewa. Ramlat tana nuna masa inda zai danna sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan hoton jirgin ruwa a gefe.

"Wannan kuma na wane malami ne?" in ji shi.

Mudassir yana durƙushe a bakin ƙofa kamar yadda suruki yake yi. Ya ƙara sunkuyar da kai. "Baba, wasa ne. Mantawa na yi ban goge shi ba."

"Wasan me?"

"Na yaƙi ne, Baba. Yaƙin Duniya na Biyu."

Baba Muntaka ya ɗan yunƙura ya gyara matashi. "Wanda aka je Bama?"

Ashe kakansa na wajen uba, wanda ake kira Baba Soja, yana cikin waɗanda aka ɗiba zuwa wancan yaƙi. Baba Muntaka ya tashi ya same shi tsoho, kuma abin da tsohon ya fi maimaitawa ba harbi ba ne, ruwa ne. Yadda suka yi makonni a cikin jirgi ba su ga ƙasa ba, kowa yana amai, da yadda wata rana aka zuba su a ƙananan jirage aka sauke su a bakin gaɓa, taɓo har ƙirji, bindiga a ɗage sama da kai. Yara suna dariya in ya kwaikwayi tafiyar.

Kunya ta hana Mudassir yin bayani, sai Ramlat ta zama tafinta: shi ya faɗa mata a hankali, ita ta faɗa wa mahaifinta. Wasan taswira ce ta ƙasashe da tekuna, an yanka ta ƙananan gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Kana riƙe da sojoji da jirage na ɓangare ɗaya, kwamfuta tana riƙe da ɗaya ɓangaren. Ka motsa naka, ta motsa nata.

"Ai dara ce," in ji Baba Muntaka. "Dara ce da ta yi karatun boko."

Kafin su tafi Ramlat ta rubuta masa ma'anar kalmomin Turancin da ke ciki da Hausa a takarda, ta liƙa a bango daidai kansa. Ni aka ɗora wa kai kwamfutar caji a solar shagona kowace safiya.

Yaƙin tudu bai ba shi wahala ba. Cikin mako guda ya gane yadda ake tare hanya, da yadda ake zagaye abokin gaba a raba shi da 'yan'uwansa. Da hantsi ya saurari tafsiri, bayan azahar ya ci gari biyu ko uku. Faɗan gida ya ragu, kaji suka huta. Sai wasan ya kawo shi bakin teku, aka ce ga wani tsibiri can a tsallake, sai ya kama shi.

Ya yi abin da ya ga ya dace. Ya loda sojojinsa a jiragen dako, ya miƙe da su kai tsaye. Suna tsakiyar ruwa sai jiragen yaƙin abokan gaba suka ɓullo daga inda bai gani ba. Kafin ya gane abin da ake ciki, jiragensa shida sun nutse ɗaya bayan ɗaya.

Inna Hure ta shigo da kunu ta same shi ya yi tagumi.

"Malam, ƙafar ce?"

"Hure, mutum dubu shida na hallaka."

Ta dire kwanon da ƙarfi. "Inna lillahi! A ina?"

Ya nuna kwamfutar da haɓa.

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar, ta sauke ajiyar zuciya. "To, Allah ya ba iyalansu haƙuri. Sha kununka kada ya huce."

Ita ta ɗauke shi wasa, shi kuwa abin ya tsaya masa. Ya gaya mini daga baya cewa da ya ga jiragen suna ɓacewa, Baba Soja ya tuna. Da wanda ya tsara tafiyarsu ya yi irin gangancin da shi ya yi, da ba a haifi mahaifinsa ba, balle shi. Sau uku yana sake gwadawa, sau uku ana nutsar da shi.

Ranar Laraba Malam Bunu ya dawo daga kasuwa ya biyo dubiya, da ƙunshin banda a hannu. Ya zauna a bakin gado ya kalli karo na biyar daga farko har jirgi na ƙarshe ya tafi ƙasa. Sannan ya ƙyalƙyale da dariya.

"Bafulatani da ruwa! Ai ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kai ka ɗauka shanu kake korawa zuwa mashaya?"

"In kana da magana ka yi, bawana. In ba ka da ita ka ajiye kifin ka tafi."

"Mu a tafki," in ji Malam Bunu, "in za a haye da kaya, ba a fara tura babban kwale-kwale. Ƙarami ake turawa, mara kaya, ya je ya gano hanya ya dawo. Kuma ba inda kake so kake sauka ba, inda gaɓa ta yarda kake sauka. Wane ne a cikin jiragen nan ya fi gudu?"

Daga ranar suka zama su biyu. Malam Bunu ba ya karanta Turanci, ba ya ma taɓa kwamfutar, sai dai ya nuna da tsinken sakace. Suka zauna suka rarrabe jiragen. Akwai manya masu nauyi, igwarsu tana kai wa gida huɗu amma tafiyarsu kamar ta raƙumi mai kaya. Akwai ƙanana masu gudu, waɗanda sai sun matso kusa suke iya cizo. Akwai na dako, ba su da ko tsinke na kare kai. Suka koyi tura ƙanana gaba su leƙo, manya su biyo baya su share ruwa, na dako kuma su tsaya can nesa sai an kira su.

Baba Muntaka ne ya gano wata dabara da kansa, kuma har yau yana alfahari da ita. Ya lura cewa jirgi in ya fuskanto ka, igwoyin gabansa kaɗai suke iya harbi, amma in ya ba ka gefe, duka suke tashi. Don haka in abokan gaba suka taho a jere kamar gwano, sai ya gitta da nasa jiragen a gabansu, nasa duka suna harbi, nasu na gaba ne kawai yake iya ramawa. Ranar da ya fara yin haka ya nutsar da manyan jirage uku, ya yi kabbara har Inna Hure ta leƙo.

Suka share ruwa, suka yi wa gaɓa ruwan wuta, suka sauke sojoji lafiya. Murna ba ta daɗe ba. Bayan motsi huɗu sai sojojin suka kasa gaba suka kasa baya, ƙarfinsu yana raguwa ba tare da an harbe su ba. Baba Muntaka ya duba takardar Ramlat ya gano kalmar da take fitowa: guzuri ya ƙare, babu abinci, babu harsashi.

"Ka tara baƙi ba ka ɗora tukunya ba," in ji Malam Bunu.

Sai suka gane cewa sauka ba ita ce nasara ba. Dole a kama tashar jiragen ruwa da wuri, a bar hanyar teku a buɗe, kaya su riƙa biyo mutane. Sun kama tsibirin nan ne kwana biyu kafin mai ɗori ya kwance karan. Baba Muntaka ya ce bai san wanne ya fi faranta masa rai ba.

Ya koma rumfa yana ɗingishi, ya ci gaba da aiki, wasan kuma ya koma na bayan la'asar. Ana cikin yankan gero kwamfutar ta mutu. Mai gyara a Dambatta ya buɗe ta ya ce cikinta ya ƙone, ba ta tashi. Mudassir ya aiko cewa zai nemo wata. Baba Muntaka ya ce a gode masa, ya bar shi.

"Abin yana nan," ya ce da ni, yana nuna goshinsa. "Kuma na gaji da yaƙi da wanda ba ya jin haushi in an ci shi."

Ya ɗauko allon katako na filawud mai faɗin ƙofa ya shafe shi da shuɗin fenti. Ya yanka kwali mai kusurwa shida, ya riƙa ɗorawa yana zagayewa da fensir, gida bayan gida, kwana biyar yana yi tsakanin ayyukan mutane. Tsibirai ya yi su da garin katako da gam, ya shafa musu kore da ruwan ƙasa, ya bar wani gefen da yashi na gaske, wani gefen ya yi masa baƙi ya ce taɓo ne. Jirage kuwa daga guntayen maɗaci ya sassaƙa su. Kowane jirgin yaƙi ya kafa masa ƙananan ƙusoshi a baya, yawan ƙusa shi ne yawan igwa. Na dako ya rarake cikinsu yadda za su ɗauki ƙwayoyi: farin wake sojan wannan ɓangare, gujiya sojan wancan, masara kuma guzuri. Ni na ɗinka musu tutoci da ƙyallaye, ja da fari, da jakar da ake zuba su. Babban jirgin farar tuta, mai ƙusa tara, ya sa masa suna Giwa.

Saura abu ɗaya. A kwamfuta, ita take yanke ko harbi ya samu ko bai samu ba. A katako wa zai yanke? Mudassir ya ce masu irin wannan wasa a wasu ƙasashe ƙwayar lido suke jefawa. Aka samo guda biyu, aka fara gwadawa a gindin darbejiya. Kwana uku da farawa, limamin garinmu, Malam Kamaruddeen, ya fito daga masallaci ya tsaya a kansu, hannu a baya.

"Malam Muntaka, mene ne wannan?"

"Allah ya gafarta Malam, yaƙin ruwa ne. Na tarihi."

"Da kuɗi a ciki?"

"Ko sisi."

"Na yarda da kai. Amma wannan ƙwayar da kuke jefawa ba na son ganinta a ƙofar masallaci. Yau ku dattawa ne, ba kuɗi. Gobe wasu za su gani su ce ai liman ya gani bai hana ba. In wasan hankali ne, a bar hankali ya yi aikinsa."

Baba Muntaka bai yi musu ba. Ya tattara ƙwayoyin ya ba ni na mayar wa mai su. Kwana biyu yana aiki yana neman mafita. A na uku ya aika aka tattaro masa gwangwanayen tumatir daga gidaje, aka wanke su. Dabarar ita ce: kowane jirgi a kife shi da gwangwani, a kuma ba kowane ɓangare gwangwanaye shida da babu komai a ƙarƙashinsu. Kana ganin gwangwani yana tahowa, amma ba ka san ko Giwa ce, ko jirgin dako, ko iska ba, sai jirginka ya matso gida uku sannan a ɗaga. In an haɗu, a ƙirga ƙusoshin da suke iya kai wa, a duba wa ya ba wa wani gefe, mai rinjaye ya ci. Babu jifa, babu sa'a, sai abin da ka ɓoye da abin da ka hango.

Ya je har zaure ya yi wa liman bayani. Malam Kamaruddeen ya zo ya zauna a kan benci ya kalli wasa guda cur. Da aka tashi ya kafa sharuɗɗa: ba kuɗi, ba rantsuwa, kuma ladan yana cewa Allahu Akbar a kife komai. Ana cikin haka gardama ta tashi tsakanin Malam Bunu da Baba Muntaka a kan ko wani jirgi ya ba da gefe ko bai ba da ba. Liman ya sunkuya ya duba, ya ce bai ba da ba. Daga nan ya zama alƙalin wasan, ba wanda ya naɗa shi.

Babban karon da har yanzu ake labarinsa an yi shi ne bayan an kai amfanin gona rumbu. Baba Muntaka da farar tuta zai kawo hari, Malam Bunu da ja zai tsare babban tsibiri, mai tasha ɗaya, da gaɓar yashi a arewa, da taɓo a kudu. Yammaci uku aka yi ana fafatawa. In magariba ta yi, liman ya rufe allon da zani a kai shi zaurensa, don kada wani ya leƙa ƙarƙashin gwangwani.

Ranar farko Baba Muntaka ya turo gwangwani tara zuwa gaɓar yashi. Masu kallo suka ce shi ke nan, ga harin nan. Malam Bunu ya ƙi motsa manyan jiragensa daga tasha. Ya tura ƙaramin jirgi ɗaya ya leƙo. Aka ɗaga, shida a ciki wayam.

"Na san halin bawana," in ji shi. "In ya nuna maka dama, duba hagu."

Rana ta biyu aka yi karon manya a wani matsatsin ruwa tsakanin tsibirai biyu. Wurin ya yi wa Baba Muntaka ƙunci, dole jiragensa suka shiga a jere, Giwa a gaba. Malam Bunu ya fito daga bayan tsibiri ya gitta a gabansu, da dabarar da Baba Muntaka ya koya masa da bakinsa. Liman ya ƙirga ƙusoshi sau biyu, sannan ya miƙa hannu ya ɗauke Giwa daga kan allo. Ihun da aka yi sai da mata suka aiko tambaya ko lafiya. Baba Muntaka ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

Abin da ba wanda ya lura da shi, ana can ana kallon Giwa, wasu gwangwanaye huɗu suna ta lallaɓawa ta gefen allo zuwa kudu. Rana ta uku suka isa taɓo, inda dokar wasa ta ce sauka tana cin motsi biyu, shi ya sa Malam Bunu bai ajiye ko gujiya ɗaya a wurin ba. Aka ɗaga, ga jiragen dako cike da wake. Wake goma sha huɗu suka hau tudu, tasha tana gida biyar daga gare su. A karo na farko na ga Malam Bunu ya daina dariya. Sannan, maimakon ya tare waken a tudu, sai ya kwaso ƙananan jiragensa duka ya zagayo da su bayan tsibiri, ya nutsar da jirage biyu na Baba Muntaka da suke biyo baya ɗauke da masara.

Lissafin a fili yake ga kowa. Waken suna da guzurin motsi uku, tasha tana buƙatar huɗu in komai ya tafi daidai. Ana iya gwadawa, wataƙila wake biyu ko uku su kai. Masu kallo suna ta cewa, "Baba, a danna! A danna kawai!"

Baba Muntaka ya matso da sauran jiragen yaƙinsa ya yi katanga da su, ya dawo da na dako bakin taɓo, ya riƙa tsince waken ɗaya-ɗaya yana mayarwa ciki. Ya kwashe goma sha huɗun cif, ya juya da su gida. Sannan ya miƙa wa Malam Bunu hannu.

Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Haba Baba, wake ne fa!"

"Na sani," in ji shi. "Tsibirin yana nan baɗi. Su kuwa in na bar su a taɓo ba guzuri, da wane ido zan sake loda wasu?"

Liman ya ba Malam Bunu nasara. Malam Bunu ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce a shaida Babarbare ya ci Bafulatani a ruwa, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. "Amma tekun nasa ne, shi ya sassaƙa shi. Daga yau na naɗa bawana Sarkin Ruwan Unguwar Gawo." Sunan ya bi shi. Yanzu har masu kawo aikin ƙofa daga wasu garuruwa da shi suke tambayar rumfarsa.

Da Ramlat ta zo hutu ta ga allon, ta roƙe shi ya yi mata biyu ƙanana don ajin tarihi. Ya yi, ya kuma hau mota ya kai su da kansa, sanye da babbar rigarsa ta sallah. Ya dawo yana ba ni labari cewa wata ɗaliba ta tambaye shi me ya sa jiragen ƙarfe masu nauyin nan ba sa nutsewa tun kafin a harbe su, ya rasa amsa, sai malamin kimiyya ne ya fitar da shi. Ya ji daɗin tambayar ƙwarai, ya yi kwana uku yana gwada ta a kan duk wanda ya zo rumfa.

A cikin gida ma akwai wani ƙaramin allo. Inna Hure da maƙwabciyarta Huseina suna bugawa in sun gama aikin rana, kuma sun sauya wasu dokoki ba tare da sun nemi izinin kowa ba. A nasu, jirgin da ya nutse kusa da gaɓa ana iya ceto rabin mutanensa. Baba Muntaka ya ce wannan ba ya cikin tarihi. Inna Hure ta ce a nata tekun haka ake yi.

Yanzu shekararsa sittin da ɗaya. Ƙafar tana yi masa tsami in hadari ya haɗu, ya daina hawa rufi, ya bar wa wasu. Gero da gyaɗa yana nomawa kamar kullum. Ana buga yaƙin ruwa Laraba da Asabar, sauran ranaku dara ta dawo da martabarta, don ya ce ba a yar da tsohuwar riga saboda an ɗinka sabuwa.

A watan jiya Malam Kamaruddeen ya ce ya gaji da ƙirga wa mutane ƙusa, shi ma yana so ya riƙe tuta. Aka rasa alƙali, sai aka ce ni, tunda tela ba ya rasa ma'auni. Hukuncin farko da ya zo gabana tsakanin liman ne da Baba Muntaka, a kan ko wani jirgi ya kai gida uku ko saura rabi. Na auna da tef ɗina, na ce bai kai ba, gaskiyar liman ce. Baba Muntaka ya dube ni ta saman tabarau, ya tattara jiragensa. Washegari tun safe har azahar ina jin zartonsa ta bayan bango, ko tari bai yi mini ba. Bayan azahar sai ga Inna Hure ta aiko mini da kwanon dambu, da saƙo daga wajensa cewa in zo da tef ɗin ranar Asabar, yana so a sake auna gidajen allon duka, yana zargin na kusa da tasha sun fi sauran faɗi.